Tafkin Kalmalo Da Itatuwan Kwarin Majiya: Waiwaye A Kan Tarihin Dashe A Bakin Iyaka

Gabatarwa

Ni mutumin Kalmalo ne, ta ƙasar Illela, a Jihar Sakkwato. In na faɗi haka a jami'a, akan sami masu tambayata ko garin namu a Nijar yake. Ba na ganin laifinsu, gama tsakaninmu da Birnin Ƙonni ba wata tafiya ba ce, kuma da wuya ka sami gida a garinmu wanda ba shi da dangi a ƙetaren iyaka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da kakana ya yi mini a hutun da ya wuce. Muna zaune a zaure da dare, rediyo na ba da labarin dubban itatuwan da za a dasa don tare hamada, ni kuwa ina ta yi masa bayani irin namu na 'yan makaranta. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "To, kai ɗan boko, iccen da anka dasa bara, ina shi ke?" Na yi shiru. Ya ce, "Tun ina saurayi aka zuwa a dasa, a yi jawabi, a tahi. In da rabin abin da anka dasa ya rayu, da yanzu kura na kuka bayan gidanga."

Tun daga ranar nake bin diddigin wannan tambaya. Abin da na gano shi ne, amsarta tana kusa da mu ƙwarai, a cikin kwarin da ruwan tafkinmu yake fitowa. Shi ne nake so in shimfiɗa wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan ɗan rubutu.

Tafkin Da Mafarinsa Ke Wata Ƙasa

Kalmalo tsohon gari ne. Masana tarihin jihadi suna lissafa shi cikin wuraren da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ratsa sa'ad da ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Ba abin mamaki ba ne, domin mai tafiya da jama'a da dabbobi a tsakiyar rani dole ya bi inda ruwa yake.

Ruwan tafkin nan kuwa ba a ƙasarmu yake farawa ba. Kwarin Majiya ne ke tattaro shi daga duwatsun Adar, ta wajen Buza a jihar Tawa, ya gangaro da shi kudu maso yamma, ya wuce ta gefen Ƙonni, ya juye a Kalmalo. A da ba wanda ya damu da wannan, don ƙasar ɗaya ce. Turawa ne suka raba ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar wa Ingilishi duk abin da ke cikin mil 100 daga Sakkwato. Da Faransawa suka ga ba su da hanya mai ruwa zuwa Damagaram, sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo iyakar kudu. Daga 1906 zuwa 1908 ayarin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ya bi ya kafa alamu. Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Kalmalo ta zauna a hannun Ingilishi. Watau aka bar mu da bakin tulu, gindinsa na gidan maƙwabci.

Dokar Turawa Da Itacen Manomi

Tsoron hamada ma ba yau ya fara ba. A 1935 wani masanin gandun daji Bature mai suna Stebbing, bayan ya zagaya wannan yanki, ya rubuta cewa Sahara na tahowa kudu, ya ba da shawara a yi mata shinge da dogon daji. Maganarsa ta ta da hankali har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti, wanda ya bi bakin iyaka daga Disamba 1936 zuwa Fabrairu 1937. Kwamitin bai yarda cewa hamada na tafiya kamar rundunar yaƙi ba. A ganinsa ɓarnar tana faruwa ne a wuri-wuri, inda sara da noma da kiwo suka fi ƙarfin ƙasa. Mai karatu ya riƙe wannan gardama, don za mu sake cin karo da ita.

Maganin da Turawan suka kawo shi ne doka. Faransa ta yi dokar gandun daji a 1935, Ingila ta sabunta tata a Nijeriya a 1937, aka yi ta keɓe gandun daji a ƙarƙashin En'e. Bayan samun mulkin kai aka ci gaba a kan wannan turba. Dokar Nijar ta 1974 ta lissafa itatuwan da aka hana taɓawa, ciki har da gawo, ko da kuwa a tsakiyar gonar mutum suke. Manufar mai kyau ce, amma ga abin da ta haifar. Manomi ya duba ya ga in ya bar ɗan gawo ya girma a gonarsa, ya jawo wa kansa ma'aikacin gandun daji da tara. In kuwa ya sare shi tun yana ƙarami lokacin sassabe, ba mai tambayarsa. To, wa zai reni abin da zai zame masa ƙaya? Haka gonaki suka riƙa zama fili fetal, har aka wayi gari ana yabon manomi da cewa gonarsa tsaf take, ba ko tsinke.

Ba wai kakanninmu ba su san darajar itace ba ne. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. Kowane manomi kuma ya san halin gawo: yakan zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, ya yi ganye da rani dabbobi su taru a inuwarsa su ba gona taki. Geron gindin gawo daban yake. Dokar da ta raba mutum da itacensa ce ta sa wannan sani ya zama ba shi da amfani.

Shekarun Fari

Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwan sama ya fara ja da baya. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ba iyaka, ya kori mutane daga gidajensu, ya kuma taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. Na 1984 ya zo a lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, shi ya sa 'yan'uwanmu na Nijar suka raɗa wa wannan yunwa suna El-Buhari. Tsofaffin Illela har yau suna ba da labarin yadda mutane suka riƙa kwararowa daga arewa, da yadda aka koma ga anza da jiga da ganyayen daji.

A cikin waɗannan shekaru ne Nijar ta gina madatsun ruwa na Mozage da Zango a kan Majiya, don ta shayar da babban filin noman rani na Ƙonni. Ba za a ga laifin mai yunwa don ya tare ruwa ba. Amma ƙarancin ruwan sama da waɗannan madatsu sun haɗu sun rage abin da ke isowa Kalmalo. Tafkin da kakana ya san shi da kifi da alkama da albasa ya zama sai shekarar da damina ta yi albarka yake cika, shirin noman rani na gwamnati da ke bakinsa kuma ya ja baya. A watan Yuli na 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai, kuma Majiya na ɗaya daga cikin koguna huɗun da aka ambata a ciki.

Shingen Dogon Yaro A Kwarin Majiya

A can saman kwarin, wani abu dabam ne ya dami manoma, watau iska. Ƙasar kwarin mai kyau ce, ruwa kuma ba shi da zurfi, amma da yake an share itatuwa, iskar hunturu takan kwashe ƙasar sama, ta farkon damina kuma ta binne shuka da rairayi, sai mutum ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta tsaya.

A 1975 jami'in gandun daji na Buza, Dauda Adamu, tare da wani ɗan sa-kai Ba'amurke, Don Atkinson-Adams, suka fara dasa shingayen tare iska da taimakon ƙungiyar CARE. Tsarin ba shi da wuya. Akan dasa dogon yaro layi biyu, a gicciye wa hanyar iska, a bar mita 100 tsakanin shinge da shinge, manoma na noma a tsakani. Daga baya aka riƙa haɗawa da bagaruwa, don ta toshe ƙasa inda rassan dogon yaro ba su kai ba. Ma'aikata ke renon dashe, mutanen ƙauye ke haƙa rami da dasawa, a kuma ɗauki masu gadi a biya su su kore dabbobi har itatuwan su fi ƙarfin akuya. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 tsawon shingayen ya haura kilomita 400, suna kare gonaki fiye da hekta 4,000.

Abin da ya burge ni da wannan shiri shi ne an auna shi. Binciken farko, wajen 1980, ya nuna geron da ke cikin shinge ya fi na fili da kashi 23 cikin ɗari. Awon da aka sake a tsakiyar shekarun 1980 ya ba da ƙarin wajen kashi 15. An kuma bi manoma an tambaye su, mafi yawansu suka ce sun amfana. Har Paul Harrison ya ba da labarin kwarin a littafinsa na 1987 a kan farfaɗo da ƙasar Afirka.

Amma awon bai tsaya ga yabo ba, ya tono matsaloli. Da itatuwan suka girma, inuwarsu da saiwoyinsu suka fara cin amfanin da ke kusa da su, wanda layi ya bi ta gonarsa ya yi asarar wani yanki, maƙwabcinsa ya sha kariya kyauta. Makiyaya da matan da ke kiwon awaki suka rasa wurin kiwo, aka riƙa kama dabbobinsu. Sa'an nan babbar tambaya ta taso ranar da aka fara datse rassa: itacen na wa ne? Na gwamnati ne, ko na mai gona, ko na garin da ya yi aikin gayya? Sai da aka kafa ƙungiyoyin ƙauye don sara da sayarwa da rabon kuɗi. Kuma shirin na da tsada, yana bukatar wurin reno da mota da albashin gadi, ga shi ya dogara da ƙasar kwari mai damshi, shi ya sa bai yaɗu a kan tudu ba.

Sassabin Zamani

Hanya ta biyu daga ƙasar Maraɗi ta fito. Wani ma'aikacin mishan ta SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana raba dashe yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake gani a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace bazara, ba ciyayi ba ne. Toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi toho mafi ƙarfi a kututture, ya rage sauran, ya aske ƙananan rassa, ya kiyaye shi. Da yake saiwar ta riga ta kai ga damshi, cikin shekara biyu ko uku sai ka ga sabara ko kalgo ko magarya ta fi mutum tsawo. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani.

Shi ma bai tafi sumul ba. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, aka bar itatuwa kimanin dubu 500 a gonaki. Da rabon ya ƙare, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu suka fara samun itacen wuta da dirka da abincin dabbobi a gonarsu, maƙwabta na gani. Gani ya kori ji. A daidai lokacin kuma hukuma ta sassauta. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 sun ƙara wa manomi ƙarfin cewa abin da ya rena nasa ne. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye, mutane suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa maza da mata da makiyaya. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na da da na baya, suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Sun kuma ba da rahoton cewa a ƙarancin abinci na 2005, ƙauyukan da ke da itatuwa sun fi jurewa, domin suna da itace da ganye da 'ya'yan da za su sayar su sayi hatsi.

A Namu Ɓangaren

Mu ma ba a zauna ba. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin dashen itatuwa na yankin busasshiyar ƙasa. Daga 1987 zuwa tsakiyar shekarun 1990 Bankin Duniya ya ba da rancen wani babban shiri da ya haɗa da Sakkwato, aka yi shingaye na dogon yaro da turare, waɗansu suna nan har yau. Shugaba Obasanjo na cikin waɗanda suka kawo shawarar Babbar Koriyar Ganuwa a 2005, Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, Nijeriya ta kafa mata hukuma a 2015, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ta shafa. Da farko an zana ta kamar doguwar katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, watau dai shawarar Stebbing ce ta dawo da sabuwar riga. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kawai aka gyara a cikin yankin ganuwar, alhali burin shi ne miliyan 100 kafin 2030. Masu tafiyar da ita sun sauya tunani, suka koma ga gyaran ƙasa wuri-wuri tare da mazaunanta. A Disamba 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa.

Ni ma na taɓa yin nawa dashen. Ina firamare aka zo bikin dashe, aka jera mu da tutoci, manyan baƙi suka dasa, aka ba kowane yaro nasa a leda. Damina ta riga ta yi nisa. Ba a ce wane ne zai ba su ruwa ba, ba a kewaye su da ƙaya ba. Kafin a gama girbi awaki sun gama da su. Amma na tabbata a takarda an rubuta su cikin waɗanda aka dasa. A gonar kakana kuwa akwai gawo uku da aduwa ɗaya da ba wanda ya dasa, ba kuma takardar da ta san da su, su ne suka ciyar da tumakinmu a ranin da ya gabata.

Da Wane Mudu Za A Auna?

Daga wannan tarihi na fitar da tambayoyi biyar, waɗanda nake ganin ya kamata a yi wa kowane shirin dashe da ya zo ƙasarmu.

Ta farko ita ce ta kakana: nawa suka rayu? A bar ƙirga abin da ya fita daga wurin reno, a dawo bayan shekara uku, da bayan biyar, a ƙirga abin da ke tsaye.

Ta biyu, na wa ne? In ba a faɗa tun ranar dasawa wa ke da ikon sara da sayarwa ba, ko dai a bar itacen ya mutu, ko a yi rigima a kansa in ya girma. Majiya da Maraɗi duka sun nuna haka.

Ta uku, wa ya yi asara? Shingen da ya toshe burtali ko hanyar mashaya ya shuka fitina tsakanin manomi da makiyayi. Macen da aka hana ta shiga daji ba a ba ta wani wurin samun itacen girki ba, za ta shiga da dare.

Ta huɗu, me ya yi wa mutane a ranar wahala? A tambaya sau nawa aka yi shuka kafin ta tsaya, watanni nawa hatsin gida ya kai, mutum nawa suka tafi ci-rani, dabba nawa aka sayar da arha. A nan kuma kada a yi wa itace ƙarya. Ba zai hana fari ba, ba kuma zai tare ambaliya irin ta Satumba 2010 ba, wadda ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Abin da yake yi shi ne ya rage gudun iska, ya riƙe ƙasa, ya sa ruwa ya nutse a kan gangare maimakon ya kwaso yashi ya cike tafki, ya kuma zama rumbu na biyu in na farko ya ƙare.

Ta biyar, in kuɗin baƙi ya ƙare, aikin zai ci gaba? Wannan ce jarrabawar da sassabin zamani ya ci, don ba ya bukatar komai sai adda da yardar mai gona.

Kammalawa

Ba ina cewa a daina dashe ba. Inda aka tuge kututture da garma, ko inda tudun rairayi ya taso kamar yadda aka gani a Gidan Kaura ta ƙasar Gada, dole sai an dasa. Abin da nake cewa shi ne a fara duba abin da ke ƙarƙashin ƙasa, a kuma tambayi mai gona kafin a sauke masa leda. Tun da ruwan Kalmalo daga Majiya yake zuwa, gyaran tafkinmu ba zai yiwu ba sai an yi shi tare da mutanen Ƙonni da Buza, waɗanda muke haɗuwa da su kowace Lahadi a kasuwar Illela.

Mu ɗalibai kuma akwai namu aikin, kuma ba ya bukatar kuɗi. Kowa in ya je hutu, ya nemi inda aka taɓa dashe a garinsu, ya tambayi shekarar, ya ƙirga abin da ya rage, ya zauna da tsofaffi ya rubuta sunayen itatuwan da suka ɓace. In muka tara wannan a mujallar nan, za mu sami tarihin da ba ya cikin fayil ɗin kowane ofis.

Kafin in dawo makaranta na bi kakana gona. Ya nuna mini wani kututturen kalgo da ya yi toho bakwai, ya miƙo mini adda ya ce, "Zaɓi biyu ka bari." Na zaɓa. In Allah ya kai mu hutu mai zuwa, zan je in ga ko akuya ta bar mini su.